Sammakon Jami'a a Amurka, da Yaron da Ba Wanda Ya Sa wa Rai

Wata Juma'a bayan an idar da salla, a harabar masallacin da muke zuwa a birnin Greensboro na jihar North Carolina, wani aminina mutumin Maraɗi ya ja ni gefe, ya zaro wata takarda daga aljihu wadda ta sha ninki har ta fara yagewa. 'Yarsa ce ta kawo ta daga makaranta. Yarinyar tana aji 8, shekararta 13. Takardar tana cewa idan iyaye sun amince, za ta iya neman gurbi a wata sakandaren gwamnati da ke cikin harabar kwaleji, inda za ta fara ɗaukar kwasa-kwasan jami'a tun ba ta gama sakandare ba, kuma ba za a biya ko sisi ba.

Ya ce, "Malam, kai da ka yi boko mai zurfi, duba mini wannan. Ni fa a ƙasar nan duk abin da aka ce kyauta ne tsoronsa nake ji. Sannan yarinya ƙarama, 'ya mace, a kai ta cikin ƙarti masu gemu?"

Na ce, "Alhaji, bar ta ta nema." Har yau ban yi da-na-sanin wannan shawara ba. Amma a shekarun da suka biyo baya na ga abubuwan da suka sa goyon bayana ga tsarin ya zama mai sharaɗi.

Ga wanda bai san yadda karatun nan yake ba: sakandare a Amurka shekara 4 ce, daga aji 9 zuwa aji 12. Digirin farko yawanci yunit 120 ne (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), a shekara 4. Rabinsa, wato yunit 60, shi ne ƙaramin digirin da kwalejojin gunduma masu shekara 2 ke bayarwa, wanda mutum zai iya neman aiki da shi ko ya ɗora a jami'a. Makarantun da ake kira Early College suna haɗa sakandare da waɗannan shekaru biyu a wuri guda. Yaro ya shiga yana ɗan shekara 14, bayan shekara 4 ko 5 ya fito da takardar sakandare a hannu ɗaya, ƙaramin digiri ko tarin yunit a ɗaya hannun. Ni sammakon jami'a nake kiran abin. A ƙasar da bashin karatu da ke wuyan mutane ya haura dala tiriliyan 1.6, ba sai an yi dogon bayani ba kan dalilin da ya sa iyaye ke rububinsa.

Sai dai tsarin saiwa biyu gare shi, kuma duk gardamar da ake yi a kansa daga nan ta taso. A 1966 Elizabeth Blodgett Hall ta buɗe Simon's Rock a jihar Massachusetts, kwaleji mai zaman kanta don yara masu kaifin basira da sakandare ta gundure su. Saiwa ta ɗaya ke nan. Ta biyu ta fito a 1974 a unguwar Queens ta birnin New York, inda Janet Lieberman ta jagoranci kafa sakandare a cikin kwalejin LaGuardia, ita kuma don yaran da ake ganin sun kusa jefar da karatu. Ɗaya ta ce a buɗe wa mai gudu hanya. Ɗaya ta ce a ɗauko wanda ya zauna a bakin hanya a sa shi cikin matafiya, ko ya ga cewa shi ma yana da ƙafa.

A 2001 kwalejin Bard, wadda Simon's Rock ke ƙarƙashinta tun 1979, ta haɗa hannu da hukumar ilimin New York suka buɗe sakandaren gwamnati mai wannan tsari, daga baya ta yi rassa a Newark da Cleveland da Baltimore da Washington. A 2002 kuma gidauniyar Bill da Melinda Gates, tare da ta Carnegie da Ford da Kellogg, suka zuba kuɗi aka kafa irin waɗannan makarantu sama da 200 a faɗin ƙasar. Abin da suka sa a gaba shi ne 'ya'yan talakawa, da baƙar fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda ba wanda ya taɓa taka jami'a a gidansu. Jiharmu ta North Carolina ta rungumi abin a 2004 zamanin gwamna Mike Easley, yanzu tana da irinsu fiye da 130.

Abin da ya fi burge ni a wannan tunani shi ne ya juya wa al'adar makarantu baya. Abin da aka saba, idan yaro yana jan ƙafa, sai a sauke masa kaya: a kai shi ajin masu rauni, a ba shi lissafi mai sauƙi, a rage abin da ake tsammani daga gare shi har shi ma ya yarda cewa iyakarsa ke nan. Waɗannan makarantu suka ce a'a, a ƙara masa kaya, amma a tsaya kusa da shi a kama masa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yaro yana karanta fuskar malaminsa kafin ya karanta allo. In ya ga an yanke ƙauna da shi, ba ya ɓata lokaci wajen gaskata zaton.

Ba a nan kaɗai hujjata ta tsaya ba. Da yake masu nema sun fi guraben yawa, makarantu da dama ƙuri'a suke jefawa. Wannan ya ba masu bincike dama irin wadda ba kasafai ake samu a harkar ilimi ba: ga yara biyu, dukansu sun nema, dukansu suna so, sa'a ce kawai ta raba su. In aka bi su shekaru aka ga bambanci, ba za a ce ai dama wancan ya fi himma ba. Cibiyar bincike ta American Institutes for Research (AIR) ta bi ɗalibai kusan 2,500 da suka nemi shiga makarantu 10 ta hanyar ƙuri'a. Shekara 6 bayan lokacin gama sakandarensu, kashi 45 cikin 100 na waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu suna riƙe da digiri, babba ko ƙarami, waɗanda ba ta faɗa kansu ba kuwa kashi 34. A digirin farko kaɗai tazarar ta fi ƙanƙanta, kamar 30 da 25. Wani binciken da Julie Edmunds ta jagoranta daga jami'ar da ke nan Greensboro, shi ma ta hanyar ƙuri'a, ya ƙara da wani abu mai muhimmanci: yaran da suka wuce jami'a daga waɗannan makarantu, makinsu bai gaza na takwarorinsu ba. Wato gajarta hanyar bai sa sun isa da ƙafa ɗaya ba.

'Yar aminina ƙuri'a ta faɗa kanta. Wani yaro ɗan maƙwabtansu, wanda mahaifiyarsa ke kitso tana riƙe da gida ita kaɗai, shi ma ya nema a shekarar, bai samu ba.

A wajen yarinyar nan na fahimci inda sirrin yake. A zangon da ta fara ɗaukar kwas na kwaleji na gaske, ta faɗi gwajin farko, faɗuwa mai muni. Da ta zo gaishe mu na tambaye ta karatu, ta ce, "Kawu, ashe lakcara ba ya bin mutum. Ya ba mu takarda ranar farko, ashe duk ranakun gwaji suna ciki. Ni ina jira ya tuna mana." Wannan ita ce faɗuwar da ke kayar da dubban 'ya'yan talakawa a shekararsu ta farko a jami'a. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa takardar ranar farko ita ce dokar kwas, ko cewa lakcara yana da sa'o'in da yake zama a ofis musamman don a zo a tambaye shi, ko cewa akwai ranar da in ta wuce ba a janyewa daga kwas sai da tabo. Ɗan likita a teburin cin abinci yake jin waɗannan. Ɗan direban babbar mota sai ya faɗi sannan ya sani, kuma sau da yawa yana faɗuwar ne yana ɗan shekara 19, shi kaɗai, da bashi a wuya, nesa da gida.

Ita kuwa ta faɗi tana da shekara 15, a makarantar da kowa ya san sunanta. A North Carolina irin waɗannan makarantu ba sa wuce ɗalibai 100 a kowane aji. Mako bai zagayo ba malamar da ke kula da su ta ɓangaren sakandare ta kira ta, ta zaunar da ita suka bi takardar layi-layi, ta raka ta da ƙafarta har ɗakin da ake ba da ƙarin darasi. Ta ci kwas ɗin. Ba da maki mai ƙyalli ba, amma ta ci, kuma tun daga ranar ta daina jin tsoron ƙwanƙwasa ƙofar lakcara. A ganina wannan rakiya ita ce makarantar. Yunit ɗin da ake lissafawa riba ce a kai.

Shi ya sa hankalina ba ya kwanciya da yadda abin ke yaɗuwa yanzu. Akwai wani tsari mai kama da wannan, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba: yaro yana sakandarensa ta unguwa, sai ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu na kwaleji a gefe, ko a ajinsu, ko ta intanet. Jihar Minnesota ta fara shi a dokance a 1985, jihar Washington ta biyo baya a 1990, yau kusan ba jihar da ba ta yi. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yaran sakandare kusan miliyan 2.5 ne suka ɗauki irin waɗannan kwasa-kwasai, har ta kai kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban kwalejojin gunduma 'yan sakandare ne. 'Yan siyasa suna son wannan adadi, don yana da daɗin faɗa kuma ba shi da tsada. Ba na cewa ba shi da amfani. Yana da shi, kuma yara da yawa sun ci moriyarsa. Amma a duba su wa ke ciki. Baƙar fata su ne kusan kashi 15 na yaran makarantun gwamnati, a cikin masu ɗaukar kwasa-kwasan nan kuwa ba su wuce kashi 8 ba. Idan aka buɗe ƙofa aka ce mai so ya shiga, ba tare da an je an kamo hannun kowa ba, wanda iyayensa suka san da ƙofar shi ke shiga. In kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana. Ɗan gidan da ake da digiri tun kakanni ya samu shekara ɗaya ta jami'a kyauta da kuɗin harajin kowa, ɗan mai kitso ko labari bai ji ba.

Wanda kuma ya ji ya shiga ba tare da mai kama masa ba, akwai ramin da ba a faye gaya masa ba. Makin da yaro ya samu a kwas na kwaleji yana zama a takardunsa har abada. In ya faɗi kwas ta intanet yana ɗan shekara 16, shi kaɗai a ɗaki ba mai duba shi, wannan faɗuwa za ta bi shi, tana ma iya taɓa tallafin karatun da zai nema daga gwamnati nan gaba. Sannan ba kowace jami'a ke karɓar yunit ɗin da aka kawo mata ba. Wasu su karɓa amma su ƙi lissafa su cikin fannin da ɗalibi ya zaɓa. Ofishin binciken gwamnatin tarayya ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da ke sauya makaranta suna asarar kusan kashi 43 na yunit ɗinsu a hanya. Yaron da aka bari ya tsinci kwas nan ya tsinci kwas can, ba mai nuna masa inda suka dosa, zai iya tara yunit 30 ya tarar rabinsu ba su kai shi ko'ina ba.

Akwai kuma masu cewa ana sace wa yara ƙuruciyarsu. Ban raina wannan magana ba. Yawancin makarantun nan ƙanana ne, ba su da ƙungiyar ƙwallo ko ta kaɗe-kaɗe, abubuwan da Ba'amurke ke ɗauka rabin sakandare. Aikin gida yana da yawa. Na ga yarinyar nan ta rame a shekararta ta uku. Leon Botstein, wanda ya zama shugaban kwalejin Bard a 1975, ya daɗe yana cewa shekarun ƙarshe na sakandaren Amurka ɓata lokaci ne, ana riƙe matasa kamar jarirai alhali sun isa a yi musu magana kamar manya. Ina tare da shi rabin hanya. Mu da muka taso muna ganin yaro ɗan shekara 14 da ya sauke Alƙur'ani yana zaune a zaure ɗaya da masu furfura, shi da Ahalari su da Risala, kowa na jiran layinsa a gaban malam, ba za mu yi mamakin matashi ya zauna aji ɗaya da babba ba. Littafi ake tambaya, ba shekaru ba. Amma a zauren nan ba wanda ke duba agogo. In ba ka gane babi ba, gobe ka maimaita shi.

A nan ne nake saɓawa da 'yan uwana iyaye. Da zarar wasunmu sun ji labarin tsarin sai su fara lissafi: ya gama ƙaramin digiri a 18, babba a 20, ya zama likita kafin sa'o'insa su farka. Binciken Julie Edmunds a North Carolina bai nuna haka ba. Ƙaramin digiri kam sun riga takwarorinsu da kusan shekara 2, amma a digirin farko abin da suka rage bai wuce wata 6 ba. Da yawansu in sun isa jami'a sukan sauya fanni, ko su ƙara wani, ko su ɗan ja numfashi. Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya zaɓi hanya yana ɗan shekara 14 yana da haƙƙin ya sake tunani yana ɗan 19. Sauri ya haifi nawa. Uban da ya tura ɗansa can don a gama da wuri a fara kawo albashi, ya ɗauki abin ta wutsiya.

Tsoron aminina game da 'yarsa shi ma ba shirme ba ne, kuma ban ce masa shirme ba ne. A yawancin makarantun, shekaru biyun farko yara suna tare da sa'o'insu da malaman sakandare, sai daga baya suke shiga azuzuwan kwaleji sosai. Amma in sun shiga, sun shiga. Za a iya tattauna abin da uba ba zai so 'yarsa ta ji a wannan shekaru ba, kuma lakcara ba zai canja darasinsa don akwai 'yar shekara 16 a aji ba. Dokar sirrin ɗalibai ta ƙasar nan ma ta mayar da haƙƙin takardun kwaleji hannun ɗalibi komai ƙanƙantarsa, don haka uba ba zai ɗaga waya kawai ya tambayi lakcara makin ɗansa ba. Wajibi ne iyaye su je taron da ake kira kafin a nema, su tambayi ina yaran ke zama tsakanin darasi da darasi, wa ke ɗaukar sunayensu, wa za a kira in an ga ba daidai ba. Aminina ya je, da ɗan Turancinsa, ya yi tambayoyinsa. Bayan haka ne ya sa hannu.

'Yan uwa a gida in na ba su labari sukan ce ai mu ma muna da IJMB, kuma manyanmu sun yi HSC, wato karatun share fage na gaba da sakandare, suka shiga jami'a suka yi shekara uku. Akwai kama, tunda duka suna kai mutum aji biyu na jami'a. Bambancin shi ne IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa tun shekarun 1970, bayan an gama sakandare ake yin ta, kuma da kuɗin uba. HSC kuwa zaɓaɓɓu ne suka samu. Abin da ke sabo a nan shi ne a nufi yaron tsakiyar aji, ba na ɗaya ba, kuma gwamnati ta ɗauki nauyi.

Nauyin kuwa yana da nauyi. Lissafin AIR ya nuna kowane ɗalibi a irin wannan makaranta yana cin ƙarin kusan dala 3,800 a tsawon shekara 4 fiye da na sakandaren unguwa, ko da yake ribar da shi da al'umma za su samu a tsawon rayuwarsa ta ninka haka sau goma da ɗoriya. Wannan ƙarin kuɗi shi ne albashin malamar da ta raka yarinyar nan ɗakin ƙarin darasi. Shi ne kuɗin littattafan kwaleji, waɗanda ɗaya kan haura dala 100. Shi ne motar da ke ɗauko yaro daga unguwar da babu mai mota a gidansu. Kuɗin gidauniyoyi na kafawa ne, ya daɗe da ƙarewa, yanzu majalisun jihohi ne ke yanke hukunci. Kuma duk lokacin da aka zo tsuke bakin aljihu, waɗannan ukun ake fara dubawa, don ba su ne ke fitowa a hoton bikin yaye ɗalibai ba. A cire su, sunan makaranta yana nan, allonta yana nan, amma yaran da za su iya zama a cikinta sun canja.

Haka ma batun zaɓen ɗalibai. Makarantun Bard da jarrabawa da ganawa suke ɗaukar ɗalibai, kuma suna aiki mai kyau, yara 'yan makarantar gwamnati suna zama da malamai masu digirin digirgir suna karanta manyan littattafai suna muhawara. Ban ce a rufe irinsu ba. Amma duk makarantar da sunanta ya fito, masu hali sukan gano ta, makin shiga ya yi ta hawa, a hankali saiwar Simon's Rock ta shanye ruwan saiwar LaGuardia. Dokar jiharmu ta ambaci yaran da ake nufi: wanda ke gab da barin makaranta, da wanda iyayensa ba su wuce sakandare ba, da wanda zai amfana da karatu mai sauri. Ina so a riƙa tilasta wa kowace makaranta ta bayyana wa jama'a duk shekara nawa ta ɗauka daga kowane rukuni, don na ukun nan ƙofa ce mai faɗi da kowa zai iya bi. Ina so a ware mafi yawan guraben ga rukuni biyun farko, a jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Ina so kuma a daina aika takardar nema cikin jakar yaro ɗan shekara 13 a ce an sanar da iyaye. A Greensboro akwai Hausawa da Zabarmawa 'yan Nijar masu yawa, ga 'yan Sudan da 'yan Kongo da sauransu, da yawa suna aikin dare a ma'ajiyar kaya. A zo masallaci, a zo coci, a zo shagon kitso, da tafinta. Mu ma da muka sani, laifi ne mu yi shiru.

'Yar aminina ta gama, tana jami'a yanzu tana karatun aikin jinya, kuma ba ta ci bashi ba a shekarunta biyu na farko. Yaron maƙwabtansu an sa shi a jerin masu jira a waccan shekarar, ba a kai kansa ba. Ya yi sakandaren unguwa, mai ɗalibai sama da dubu, ya gama lafiya. Ya shiga kwaleji zango ɗaya, ya faɗi kwas biyu, ya bari. Kwanaki na haɗu da shi a wajen wankin mota inda yake aiki, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Na tambaye shi ko zai koma. Ya ce, "Baba, ina so. Amma sun ce sai na biya kuɗin zangon da na faɗi kafin su sake buɗe mini rajista." Na tambaye shi nawa ne, ya faɗa mini, na rubuta a wayata, na ce ya zo gida ranar Asabar da takardunsa.